Albasar furen Muscari a Birnin Kebbi: kaya mai kyau da alƙawarin da bai dace da ƙasarmu ba

Tun da masu sayar da furanni suka fara tallata kayansu ta WhatsApp da Facebook, tsirran da a da sai a jikin kalanda muke ganinsu sun fara shigowa gidajenmu a Birnin Kebbi, kuma cikin waɗanda suka fi jan hankalin masu sha'awar lambun gida akwai wani ɗan fure shuɗi mai suna Muscari, wanda wasu ke kira furen inabi saboda yadda furanninsa ke cunkushewa a kan kara ɗaya irin na curin 'ya'yan inabi. Ba irinsa ake sayarwa ba, ba kuma dashensa ba. Albasarsa ake sayarwa a bushe, cikin 'yar jakar raga, da hoton fure a jikin takardar da aka maƙala mata. Na sayi wannan albasa daga wani mai shagon furanni da ke Abuja wanda ke aiko da kaya ta motar haya, na shuka ta, na ga furenta, na kuma ga abin da ya biyo baya. Ra'ayina a kanta shi ne cewa kayan na da kyau kuma furen ya cancanci yabon da ake yi masa, amma bayanin da ake sayar da shi a kai, wato cewa sau ɗaya za a shuka shi ya riƙa dawowa kowace shekara yana yaɗuwa da kansa, bayani ne da aka rubuta domin mutanen wata ƙasa mai wani yanayi dabam, kuma bai kamata a riƙa maimaita shi ga mai saye a Kebbi ba tare da an faɗa masa sauran maganar ba.

Zan fara da kayan kamar yadda suka iso. Albasar ƙanana ce, kowace ba ta wuce girman babban yatsa ba, da ɓawo siriri fari-fari mai ɗan duhu, kuma mafi yawansu sun iso da tauri da nauyi a hannu, wanda shi ne alamar farko ta albasa mai rai. A jikin takardar an rubuta sunan nau'in, Muscari armeniacum, an kuma rubuta lamba 8/9, wadda ke nufin kewayen albasar ya kai santimita 8 zuwa 9. Wannan lamba na da amfani ga mai saye, domin da ita 'yan kasuwar furanni na ƙasar Holan ke auna daraja: albasa mai girma ta tara abinci da yawa, saboda haka karan furenta ya fi kauri, wani lokaci ma takan fitar da kara fiye da ɗaya. Matsalar da na gani tun a tasha ita ce mai shagon ya ɗaure jakar ragar cikin baƙar leda, aka kuma jefa ta bayan mota cikin zafi, har kayan suka yi gumi. 'Yan kaɗan daga ciki sun yi laushi, fumfuna mai launin kore-kore ta kama gindinsu. An yi jakar raga ne domin iska ta riƙa ratsa albasar, kuma duk wanda ya rufe ta da leda ya rushe amfaninta. Da na sanar da shi, ya amsa cikin ladabi, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, yaran shago ne suka ɗaure, za mu cika maka a saƙo na gaba." Ya kuwa cika alƙawarin, kuma wannan abu ne da ya kamata a faɗa a kansa.

Inda ban gamsu da shi ba shi ne wajen bayani. Da na tambaye shi yadda ake shukawa, abin da ke jikin takardar kawai ya karanto mini: a binne albasar a zurfin kimanin santimita 8 zuwa 10 tsakanin Satumba da Nuwamba, a jira fure tsakanin Maris da Mayu, sannan a bar ta a ƙasa ta ci gaba da haihuwa. Duk wannan gaskiya ne a Holan ko Ingila. Domin a gane dalilin da ya sa ba gaskiya ba ne a nan, sai an san inda tsiron ya fito da irin rayuwar da ya saba da ita.

Asalin nau'in da aka aiko mini daga gabashin tekun Bahar Rum ne, tun daga Girka da Turkiyya har zuwa tsaunukan Kokasas da ƙasar Armeniya. Danginsa sun bazu a kudancin Turai da arewacin Afirka da yammacin Asiya, kuma wani masanin lambu Bature ɗan Ingila, Philip Miller, shi ne ya ware su a matsayin jinsi guda a shekarar 1754. A waɗancan wurare ruwan sama da sanyi tare suke zuwa, zafi kuma da fari yake zuwa, kuma a kan wannan tsari tsiron ya gina rayuwarsa. Idan zafi ya tsananta ƙasa ta bushe, albasar takan kwanta ta daina komai. Da zarar yanayi ya fara sanyi ruwa ya sauka sai ta fitar da saiwa, wannan nau'in ma har ganye yakan fitar tun kafin tsananin sanyi. Daga nan sai ta shafe watanni cikin ƙasa mai sanyi ƙwarai, kuma wannan dogon sanyi ne ke ba furen da ke naɗe a cikin albasar damar kammala shirinsa, ta yadda idan ɗumi ya dawo karan zai miƙe ya fito. Masu noman furanni sun daɗe da auna wannan buƙata: kimanin makonni 12 zuwa 15 a sanyin da bai wuce digiri 9 a ma'aunin Salshiyas ba, amma wanda bai kai ga daskarar da albasar ba. Idan ba ta samu wannan ba, sau da yawa ganye kawai za ta yi, ko kuma fure ya leƙo a gindi ya tsaya a nan bai tashi ba.

Yanzu a ɗora wannan a kan Birnin Kebbi. Hunturunmu, duk da yadda yake sa mu neman bargo a Disamba da Janairu, da wuya ya saukar da ma'auni ƙasa da digiri 13 zuwa 15 da dare, kuma da rana ta ɗaga sai ya koma wajen 30 ko fiye. Wato ko a daren da muka fi jin ɗari, ƙasarmu ba ta kai sanyin da albasar ke nema ba. Watannin da takardar ta ce a jira fure, Maris zuwa Mayu, su ne watannin da zafinmu ke haura digiri 40. Sannan lokacin da albasar ke buƙatar ta kwanta a busasshiyar ƙasa, lokacin ne damina ke sauka mana, ga ruwa ga ɗumi, har zuwa tsakiyarta a Agusta. Ashe ke nan shekararmu ta saɓa wa tsiron a wurare biyu masu muhimmanci, sanyin da yake so ba mu da shi, kuma hutunsa ya faɗo cikin ruwanmu.

Na nuna albasar ga wani dattijo da ke kawo albasar miya daga Aliero, garin da kowa ya san shi da wannan noma. Bai taɓa ganin irinta ba, amma da ya juya ta a tafin hannunsa ya matsa gindinta da farce, ya ji bayanin da na yi masa, sai ya ce, "Ɗana, duk abin da ke da kai irin wannan, in ka bar shi a ƙasa damina ta same shi yana barci, ruɓewa zai yi. Mu ma ba mu barin tamu." Wannan magana ta manomi ta fi abin da ke jikin takardar amfani a gare ni, domin ta fito daga wanda ya san ƙasar nan.

Hanyar da ta rage ita ce a ƙirƙiro wa albasar sanyin da ba mu da shi, wato a saka ta a firij. Akan yi hakan a ƙasashe masu ɗumi, kuma ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba, sai dai yana da sharuɗɗan da mai shagon bai ambaci ko ɗaya daga ciki ba. Ana iya ajiye albasar a bushe cikin jakar takarda a aljihun kayan lambu na firij, ko kuma a dasa ta cikin ƙaramar tukunya mai huji a gindi, da ƙasa mai yashi wadda ba ta riƙe ruwa, a ɗan jiƙa ta, a saka tukunyar gaba ɗaya. Hanya ta biyu ta fi kyau a ganina, domin albasar takan yi saiwa tun tana cikin sanyi, kuma idan aka fito da ita sai ta tashi da ƙarfinta. Ba a saka ta a ɓangaren ƙanƙara. Ba a kuma haɗa ta da tuffa ko wasu 'ya'yan itatuwa masu nuna, saboda iskar da suke fitarwa tana lalata furen da ke cikin albasar tun kafin ya fito. Akwai kuma gargaɗin da ya shafi gida mai yara da masu girki: albasar ado ba ta ci ba ce, sau da yawa an yi mata feshin maganin fumfuna kafin a tattara ta, saboda haka a rufe ta a rubuta a jiki, kada a ɗauke ta a matsayin ƙananan albasar miya. Gaskiya ne a kudancin Italiya da Girka ana cin albasar wani ɗan uwansa, bayan an tafasa ta an rage ɗacinta, amma wancan nau'i ne dabam kuma domin ci aka tono shi.

A nan ne tsadar gaskiya ta kayan take fitowa. Kuɗin albasar shi ne ƙaramin ɓangare. Babban ɓangaren shi ne firij ɗin da zai riƙe sanyi wata uku ko fiye ba tare da dogon yankewa ba, kuma duk mazaunin garin nan ya san halin da wutar lantarki take ciki. Wanda yake da sola mai ɗaukar firij dare da rana zai iya. Wanda firij ɗinsa ke yin sanyi yau ya huce gobe, albasarsa za ta riƙa farkawa tana komawa, ta yi gumi, fumfuna ta samu ƙofa. Lokacin saye ma na da nasa hukuncin. Sabuwar albasa daga Holan takan fara fita kasuwa wajen Satumba, kuma idan aka same ta a lokacin aka saka a firij, za ta kammala sanyinta a ƙarshen Disamba ko farkon Janairu, daidai tsakiyar hunturu, wanda shi ne kaɗai lokacin da furen zai iya jure iskar Kebbi. Amma na ga ana ci gaba da tallata ta har Disamba da Janairu, kuma wanda ya saya a lokacin zai fito da tukunyarsa cikin zafin Afrilu. Sayar da ita a wannan lokaci ba tare da gargaɗi ba, a ganina, rashin adalci ne ga mai saye, sai fa idan albasar ta riga ta samu sanyinta tun daga inda ta fito, wanda kuma ya kamata a rubuta shi ƙarara.

To idan aka bi duk wannan, me ake samu? Ana samun abin da, a gaskiya, ban taɓa ganin kamarsa a tsakar gida a garin nan ba. Bayan an fito da tukunyar an ajiye ta inda hantsi ke taɓa ta amma rana tsaka ba ta dukanta, cikin makonni biyu zuwa uku sai a ga wani ɗan tsini kore ya leƙo daga tsakiyar ganyen, ya riƙa tashi yana canza launi daga ƙasa zuwa sama. Karan bai wuce santimita 15 zuwa 20 ba, saboda haka sai mutum ya durƙusa zai ga aikin da ke jikinsa. Kowane fure guda ɗan ƙanƙani ne, siffarsa ta tulu da aka kife, cikinsa a buɗe bakinsa a tsuke, kuma a gefen bakin akwai farin layi mai 'yan haƙora shida da suka lanƙwashe waje. Na ƙasa su ke fara buɗewa, shuɗinsu ya fi duhu, na can ƙoli kuma ƙanana ne, sun fi haske, ba sa yin iri. Ƙamshinsa ba mai cika gida ba ne, sai an matso kusa da safe ake jinsa, mai ɗan zaƙi. Ƙudan zuma sun gano shi da wuri, kuma abin sha'awa ne ganin yadda ƙuda ke rataye da kai ƙasa yana neman shiga ta wannan ƙaramin baki. Mu da furanninmu na gida suka fi yawa a ja da ruwan ɗorawa da fari da ruwan hoda, wannan shuɗi mai zurfi sabon abu ne ga ido, kuma duk baƙon da ya shigo sai da ya tsaya ya tambaya.

Kwanakinsa dai kaɗan ne. A ƙasashen sanyi furen kan kai makonni uku zuwa huɗu, amma a nan bai kai haka ba, domin ɗumin rana na gaggauta shi, busasshiyar iska na ƙona gefen furannin ƙasa tun na sama ba su gama buɗewa ba, ƙurar hunturu kuma na kwanciya a kansa ta dusashe launin. Tukunyar da ta fi samun inuwa ta fi daɗewa, sai dai karanta ya yi tsawo ya kwanta. Bayan furen ya bushe na ci gaba da ba ganyen ruwa, tun da ta ganye ne albasa ke mayar da abincin da ta kashe, amma zafin Maris ya riske shi kafin ya gama aikinsa. Da na tono albasar na tarar ta ragu, ta rabu zuwa 'ya'ya ƙanana waɗanda ba su kai girman da za su yi fure a shekara mai zuwa ba. Waɗanda na bari a ƙasa domin gwada alƙawarin takardar, damina ta cinye su kamar yadda dattijon ya faɗa.

Ba ina cewa takardar ƙarya ta yi ba. A inda yanayi ya dace da shi, wannan tsiro na yaɗuwa har ya wuce yadda ake so, ta hanyar 'ya'yan da albasar ke haifarwa a gefenta da kuma baƙin irin da ke zuba daga kwanson furen. An kai shi Arewacin Amurka domin ado, ya tsallake shingen lambu ya zauna a filayen ciyawa da gefen hanya da tsofaffin kufai, kuma masu lambu a Ingila kan yi ƙorafin cewa idan ya kama wuri da wuya a raba shi da shi. A lambun Keukenhof da ke garin Lisse na Holan, wanda aka buɗe wa jama'a a 1950 kuma ake shuka albasar furanni kimanin miliyan 7 a cikinsa kowace shekara, ana jera Muscari a dogon layi mai lanƙwasa tsakanin itatuwa har ya zama shuɗin kogi, kuma hotunan irin wannan wuri ne masu talla ke turo mana. Abin da ba sa faɗa shi ne sanyin da ke ƙarƙashin wannan kogi, wanda ba a sayar da shi cikin jakar raga.

Maganar yaɗuwa ta kai ni ga wata tambaya da ya kamata mai saye ya yi, wato ta wace hanya kayan suka shigo ƙasar. Ban ga alamar Muscari zai iya zama ciyawa mai mamaya a Kebbi ba, tun da ko rayuwa ba ya iya yi ba tare da firij ba. Amma albasa kan ɗauko cuta da ƙwari a jikinta, kuma jihar da dubban gidaje ke ci daga noman albasa ba ta da dalilin yin sakaci da wannan. Masuntan Yawuri sun san abin da baƙon tsiro ke iya yi, domin ciyawar ruwan nan mai kyakkyawan fure da ta toshe sassan tafkin Kainji asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma a matsayin abin ado ta fara yawo a duniya. Akwai hukumar gwamnatin tarayya mai kula da killace kayan gona, NAQS, wadda ke ba da izinin shigo da tsirrai, kuma ɗan kasuwar da ya bi ƙa'ida ba zai ji nauyin nuna takardar lafiyar kayansa ba.

Ga wanda yake da wuta tsayayya, yake son ganin wannan shuɗi a barandarsa na ɗan lokaci cikin hunturu, ya kuma yarda cewa kowace shekara sai ya sake saye, ina ba shi shawarar ya saya, ya dasa su kusa da juna cikin tukunya ɗaya domin ɗaiɗaiku ba sa cika ido. Ga wanda yake neman abin da zai ƙawata farfajiyar makaranta ko masallaci ko ofis ya kuma dawwama, kuɗinsa zai fi amfani a kan kariya, wadda ke fure cikin rani ba ta damu da zafi ba, ko albasar kwaɗi da ke tsirowa da kanta a fadamunmu da farkon damina, mai manyan fararen furanni da jan layi a tsakiya, wadda ke kwanciya da rani ta farka da ruwa daidai da shekararmu. Ina mamakin yadda masu shagunan furanni ba su mayar da hankali ga raino da sayar da irin wannan ba. Wanda kuma ya yanke shawarar sayen Muscari, kafin ya tura kuɗi ya tambayi mai shago watan da albasar ta iso, ko an riga an ba ta sanyi da tsawon makonnin da ta yi a ciki, da lambar girmanta, sannan ya roƙe shi ya aiko ta cikin kwali mai huji maimakon leda.